Wuyan Dutsen Zanko

Ku matso ku ji abin da ya faru a Ƙasar Duwatsu Masu Dangi, can bayan inda hanyar fatake take ƙarewa. A wannan ƙasa kowane dutse da aljaninsa a ciki, kowane dutse kuma da ubansa. Suna da sunaye, suna da majalisa, suna gaba da juna kamar yadda mutane suke yi. Mutanen da ke zaune a gindinsu ba su san haka ba, su dai noma suke yi da kiwo.

A cikin mutanen nan akwai Mantau, mai sassaƙa dutsen niƙa. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Yalwa, budurwa mai tsiwa da yawan dariya, wadda yake kira uwata don sunan mahaifiyarsa ta ci. Mantau mutum ne mai fargaba. In Yalwa ta tafi rafi, yana bakin ƙofa yana leƙe. In ta yi tari sau ɗaya, ya bazama neman saiwa. Don haka ko aiki zai hau, da ita yake tafiya, wai don hankalinsa ya kwanta.

Wata safiya suka hau wani ɗan dutse mai tsini da ba su taɓa hawa ba. A ƙololuwarsa suka tarar da wani curin dutse a tsaye, tsayin mutum, mai kaushi irin wanda mata suke so don niƙa. Mantau ya shafa shi, ya yi kabbara.

"Uwata, yau mun dace! Tara mini itace."

"Baba, kai ko dutse ka gani sai ka yi masa kallon nama," in ji Yalwa, tana dariya.

Ya hura wuta a jikin curin har ya yi zafi jau, ya kwara masa ruwa, dutse ya yi ƙara ya tsage. Ya sa ƙarfe a tsagar, ya bi da guduma. Kafin rana ta take tsaka, curin nan ya zama fale-fale a ƙasa. Yalwa ta yi tsalle ta hau wurin da curin yake a da, ta buɗe hannuwa tana shan iska.

Sai ƙasa ta girgiza. Wata tsaga ta buɗe a gabansu, wani aljani ya fito, gajere, ja wur, kansa a aske ƙwal kamar an yi masa da aska yanzun nan. Yana dafe da kan da hannu biyu yana kuka.

"Ya kai ɗan Adam, me na yi maka? Ni ne Zanko, mai wannan dutse. Ka sare mini kai!"

Mantau ya faɗi ya yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, wallahi ban sani ba. Yanzu zan tattara in mayar maka."

"Abin da aka raba da jikina ba ya komawa. Tarin tsakuwa ba kai ba ne. Ka saurara ka ji dokarmu. Kowane dutse a haɗe yake da ubansa ta doron da ke tsakaninsu. Inda doron ya fi yin ƙasa, nan ne wuya. Wanda kansa ya ɗara wuyansa da tsayin giginya, shi ne dutse mai suna, mai kujera a majalisa. Wanda bai kai ba, kafaɗa ce kawai a jikin wani. Ni daidai giginya nake, ba ragi ba ƙari. Yau ka mai da ni kafaɗa!"

"Baba," in ji Yalwa, murya ƙasa-ƙasa, "ƙafata ta ƙi ɗaguwa."

Mantau ya waiwaya. Daga tafin ƙafarta zuwa idon sawu ta zama dutse, ta manne da ƙololuwa. Ya rungume ta ya ja, ya ja, kamar yana jan gindin kuka.

"Tsayinta daidai da abin da ka ɗauke," in ji Zanko. "Kullum rana ta fito, dutse zai ƙara hawa jikinta. Ranar da ya rufe mata kai, ta zama kaina."

"Ka ɗauke ni a madadinta! Ga ni!"

"Ita ta tsaya a wurin, ita dutse ya kama. In kana da ƙara, ka kai wa ubana. Abin da ya yanke na yarda."

"Wane ne ubanka, ranka ya daɗe?"

"Wanda bai san ubana ba bai isa in gaya masa ba." Ya shige tsagarsa, ta rufe.

Mantau ya duba gabas, ya duba yamma. Doro biyu ne suka fita daga jikin Zanko. Na yamma siriri ne, ya ɗan sauka kaɗan, sannan ya yi ta murɗewa har ya ɓace a nesa, ba a ganin komai a ƙarshensa. Na gabas kuwa gajere ne, mai faɗi, ya nufi wani ƙaton dutse baƙi da ke kusa, wanda ya tokare sama har inuwarsa tana rufe Zanko da safe. A garin su Mantau, ɗa a jikin katangar ubansa yake gina gida, babban gidan da ke maƙwabtaka da ƙarami shi ne na uba. Don haka bai yi wata-wata ba. Ya ajiye wa Yalwa gorar ruwa da ƙullin fura, ya cire rigarsa ta sama ya yi mata rumfa.

"Kada ki ji tsoro, uwata. Yanzu zan dawo."

"To ina za ni, Baba? Yau dai ka samu yadda kake so, na zauna wuri ɗaya."

Ya so ya yi dariya, hawaye suka riga shi. Ya saɓa guduma ya bi doron gabas da gudu.

Ya gangara, sannan ya fara hawa, ya yi ta hawa. Da ya kai ƙololuwar baƙin dutsen, sai ya tarar da wata aljana doguwa a kan karaga, sanye da baƙaƙen kaya, gashinta na tashi kamar hayaƙi. A bayanta an jera wasu ginshiƙai, an ɗora wasu a kan wasu.

"Lale da baƙo. Ni ce Tsayayya. Me ke tafe da kai?"

Mantau ya durƙusa ya kwashe labari ya gaya mata, ya ce, "Allah ya ja zamaninki, na zo neman uba na tarar da uwa. Ki yi wa ɗanki magana."

Tsayayya ta yi dariya har tsakuwa ta gangara. "Idon ɗan Adam! Kun ga babba a kusa, shi ke nan ya zama uba. Zanko ba ɗana ba ne, ko da yake na daɗe ina so. Wuyan da ya haɗa ni da shi ya fi na yamma ƙasa, kuma a wurinmu wuyan da ya fi tudu shi ke nuna uba. Wani tsoho ne can, Mai Furfura, ya riƙe shi daga nesa. Amma ga ka da guduma. Je ka sare wuyan yamma har ya yi ƙasa da nawa. Nan take Zanko ya zama ɗana, in ce ya saki yarinya, ya saki."

Zuciyar Mantau ta yi fari. "In ya sake ta, sai in tafi da ita gida?"

"Sai ka kawo ta ta gaishe ni," in ji Tsayayya, tana lasar baki.

A lokacin ne rana ta haska ginshiƙan da ke bayanta. Mantau ya ga ɗaya yana da kunne. Ya ga wani da sandar kiwo a kafaɗa, wata da tulu a ka. Mutane ne, an mai da su dutse, an tara su don ta ƙara tsayi! Ya yi baya da rarrafe, yana cewa, "Na gode, na gode, bari in je in fara." Da ya sha kwana sai ya zura a guje, duwatsu na mirginowa a bayansa, muryarta na binsa: "Ina kallonka, mai guduma!"

Da ya komo kan Zanko, gari ya waye, dutse ya kai wa Yalwa gwiwa.

"Ka samo shi, Baba?"

"Na ɓata hanya, uwata. Amma yanzu na sani."

Ya bi doron yamma. Ɗan sauka kaɗan ya isa wuyan, wani siririn bango ne na dutse, faɗinsa bai wuce tabarma ba, hagu rami, dama rami. A kansa wata tsohuwa tana zaune, ta dogara da gangar giginya sukutum kamar sanda, gajimare sun kewaye ta suna kiwo a iska kamar tumaki.

"Sannu, Iya."

"Yauwa, mai aski. Kai ne ka yi wa Zanko ƙwal? Ni ce mai kiwon gajimare, ni ce kuma mai awon duwatsu. Zo ka ga abin da idonka ya kasa gani."

Ta yi fito. Gajimare suka ruga ƙasa suka cika kwaruruka, fari fat kamar nono a ƙwarya, suka fara hawowa. Garin su Mantau ya ɓace, ƙananan tuddai suka nutse, duwatsu suka zama tsibirai. Mantau ya buɗe baki yana kallo. Farin ya hau, ya hau, ya haɗiye wuyan Tsayayya, ya raba ta da Zanko. Amma wuyan da suke tsaye a kai yana nan a sarari, doron yamma na kwance a kan farin kamar igiya, ya miƙe har zuwa wani farin kai da ya bayyana can ƙarshen duniya.

"Hanyar da ta nutse a ƙarshe, ita ce hanyar gidan uba," in ji tsohuwa. "Bi ta. Kada ka sauka daga kan doro ko da taki ɗaya. Mai ƙarar da ya sauka ƙasa da wuya, ƙararsa ta faɗi."

Mantau ya kama hanya. Iska ta taso masa daga dama, ya kwanta ya bi doro da ciki kamar ƙadangare. Ya wuce nan, ya faɗa cikin wasu ƙananan tsinaye marasa suna, kafaɗu ke nan, kowanne ya fito da hannun dutse yana kama masa ƙafa. "Ba ni suna! Ɗan Adam, ba ni suna!" Ya ce da su, "Ku yi haƙuri, wanda na taɓa ma ban gama biya ba," ya fizge ya wuce, wandonsa a yage. Ƙishirwa ta kama shi, sai ga wata ƙorama ƙasa kaɗan da doro, ruwa garai-garai, 'yan mata na wasa a baki, ɗaya da muryar Yalwa sak tana cewa, "Baba, sauko ka sha." Ƙafarsa ta fara zamewa da kanta. Ya ciji hannunsa har jini ya fito, ya rufe ido ya wuce. Wani wuri doron ya zama tsani, wani wuri ya zama gada mai rawa, gaggafa na kai masa sura. Ya kwana a hanya ya tashi, ya kwana ya tashi, duk fitowar rana sai ya ji kamar a ƙirjinsa dutsen yake hawa.

Daga ƙarshe ya hau Mai Furfura. Sanyi ya ratsa shi har ƙashi. Wani tsoho ne zaune, gemunsa fari ya sauka ya bi kwazazzabai ya zama rafuka. Daga wurin ana ganin doro-doro sun fita ta kowace fuska, kowanne da 'ya'yansa da jikokinsa a jere, har inda ido ya gaza.

"Ya kai ɗan Adam," in ji tsohon, muryarsa kamar tsawa daga nesa, "ka zo ta kan doro, ba ka sauka ba. Faɗi ƙararka."

Mantau ya faɗa, bai ɓoye laifinsa ba. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ka umarce shi ya sake ta."

"In na umarce shi, ya saki 'yarka, ɗana ya zama kafaɗa har abada. Kai uba ne. Za ka yi wa naka haka?"

Mantau ya sunkuyar da kai. Can sai maganar Tsayayya ta faɗo masa, ya juya ta a ransa, ya ɗago da sauri. "Ranka ya daɗe, tsakanin wuya da kai ake aunawa, ko ba haka ba? In kai ya ƙi komawa sama, ai wuya yana iya yin ƙasa! Ka ba ni izini in rage wuyan daidai abin da na ɗauke."

Rafukan gemun Mai Furfura suka daina gudu. "Ka san abin da kake roƙo? Wuyan nan da shi nake riƙe da ɗana. Autana ne, kuma ya yi mini nisa. Tsayin mutum kawai wuyana ya fi na Tsayayya, ko ma bai cika ba. In hannunka ya zarce, ta ɗauke shi, ta ɗauke 'yarka tare."

"Na sani, ranka ya daɗe. Ni ma tsoro nake ji."

"Ni ma haka," in ji tsohon. "Je ka sara. Ɗan da na riƙe da ƙarfi ya rasa sunansa, me na riƙe?"

Ya hura masa numfashi. Iska ta ɗauki Mantau ta bi da shi kan doro kamar ganye, ta dire shi a kan wuyan Zanko. Ya ɗaga kai ya hango Yalwa. Dutse ya kai mata ƙirji.

"Baba! Ka rame!"

"Rufe baki ki adana numfashinki, uwata!"

Birai suka sauko daga ko'ina ɗauke da itace, aiken Mai Furfura. Tsohuwa mai kiwo ta kama gajimare ɗaya ta tatse shi a gora. Sauran ta tsayar da su daidai kan wuyan Tsayayya, suka kwanta lif.

"Ga iyakarka nan," in ji ta. "In farin nan ya ratsa ta cikin saranka ya haɗu da na wancan gefe, an gama."

Mantau ya hura wuta, ya kwara ruwa, dutse ya tsage, ya bi da guduma. Falle ya ɓalle ya faɗa rami. Ya sake hurawa. Zanko ya fito yana tsalle a gefe, yana ihu, "A hankali! Wayyo wuyana! Ƙara, ƙara!" Birai na ta kai da kawo, hayaƙi ya turnuƙe, tartsatsi na tashi. Saran ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai kafaɗa. Hannuwansa suka fashe, dare ya yi, gari ya waye, bai tsaya ba. Farin gajimare da yake can ƙasa ya matso, ya matso, har ya fara lasar bakin saran ta hagu da dama.

Ya kwara ruwa na ƙarshe. Tsaga ta bayyana, amma ta yi zurfi, kaurin tafin hannu. Ya duba farin. Bai fi kaurin yatsa ba tsakaninsa da inda yake tsaye.

Daga gabas Tsayayya ta kwarara ihu: "Buga, mai guduma! Dubi 'yarka, ya kai mata maƙogwaro! Bugu ɗaya ya rage!"

Ya duba. Gaskiya ne, dutse ya kama wuyan Yalwa, kanta kaɗai ke motsi. Hannunsa ya ɗaga guduma da kansa. Duk jikinsa na cewa ya buga, ya yi wani abu, kada ya tsaya yana kallo.

"Baba," in ji Yalwa da ƙyar, "daga nan ina ganin farin. Kada ka buga."

Mantau ya tsaya da guduma a sama, yana kuka kamar yaro. Sannan ya juya ya wurga ta cikin rami, don kada hannunsa ya ci amanarsa. Tsayayya ta yi wata ƙara da ta tsaga sama, ta ja baƙin hadari ta rufe fuskarta.

Tsohuwa ta kafa gindin giginyarta a cikin saran, ta daidaita ta, ta rufe ido ɗaya ta duba ƙololuwa. 

"Saura kaurin yatsa," in ji ta.

Zanko ya faɗi yana birgima. "Kaurin yatsa! Da kaurin yatsa zan zama kafaɗa!"

Sai muryar Mai Furfura ta biyo doro, tsakuwa na rawa a gabanta: "Ɗana, kaurin yatsan da ya rage maka shi za ka riƙe, ba ƙari. Saki sauran."

Nan take dutse ya fara sauka daga jikin Yalwa kamar ruwa na janyewa. Ya bar maƙogwaro, ya bar ƙirji, ta ja numfashi mai ƙarfi ta yi tari. Ya bar ƙugu, ya bar gwiwa, ya bar idon sawu, ya tsaya a can ƙasa. Mantau ya haura da gudu ya faɗi a gabanta.

"Kaurin yatsan nan haƙƙina ne," in ji Zanko, ya zaro wata wuƙar dutse. "Daga tafin ƙafarta zan yanka."

"Ka yanka a tawa!" Mantau ya rufe ƙafafunta da jikinsa. "Ka yanke duka biyun!"

"Baba, ɗaga mini," in ji Yalwa. "Kai kuma mai ƙwal, mayar da wuƙarka. Wa ya ce maka a ƙasa nake tsaye?"

Ta murza yatsunta, ta zare ƙafar dama, ta zare ta hagu. Takalmanta na fata suka rage a wurin, sun zama dutse, sun manne da ƙololuwa. Tsohuwa ta sake rufe ido ɗaya ta duba.

"Giginya cif!"

Zanko ya shafa kansa, ya ji ɗan tudu ya fito, ya daka tsalle ya yi guɗa kamar mace. Duwatsu suka amsa daga nesa, ɗaya bayan ɗaya, suna kiran sunansa har zuwa gidan ubansa. Birai suka yi ta tuma, gajimare suka watse, ga gari can ƙasa da hayaƙin girki.

Mantau bai ga ko ɗaya ba. Yana durƙushe yana matsa yatsun ƙafar 'yarsa ɗaya-ɗaya. "Nan fa, kina ji? Nan fa?"

"Ina ji, Baba. Cakulkuli kake mini."

Ya cire takalmansa ya sa mata. Sun yi mata yawa, ta taka suna faɗa mata faf, faf. Ya tsuguna ya ba ta baya don ya goya ta.

"Haba Baba, na gaji da tsayuwa, ka bar ni in yi tafiya."

Ta shige gaba tana gangarawa. Mantau ya bi ta ba takalmi, tsakuwa mai zafi na cizon tafinsa, hannuwansa a buɗe a bayanta ko za ta zame. Ba ta zame ba har suka isa gida.